Kai ke juya idonka, ko shi ke juya kansa? Yadda za ka gwada da madubi, biro da tocila

Ka matsa kusa da madubi har ya rage tazarar da ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Ka kalli idonka na dama, ka koma na hagu, ka sake dawowa, ka yi ta yi kamar sau goma. Duk wayonka ba za ka kama ƙwayoyin idonka a kan hanya ba. Ko yaushe ka duba, sai ka tarar sun riga sun iso sun tsaya cik. Wanda ke tsaye a gefenka kuwa zai ga suna ta fizga dama da hagu. In babu kowa kusa, ka ɗauki bidiyon fuskarka da waya, ka kalla daga baya.

Kai ka zaɓi inda za ka duba, wannan da gangan ne. Amma saurin tafiyar, da wurin taka birki, da ɓoye maka dishi-dishin da ya kamata ka gani lokacin da idon ke gudu, duk an yi su ba a shawarce ka ba. Matsayinka na fasinjan adaidaita-sahu ne: kai ke faɗin unguwa, wani ke riƙe da kan mashin. Akwai ma motsin da ko faɗin unguwar ba a bar maka ba. Ana iya ware waɗannan motsi ɗaya bayan ɗaya a tsakar gida, kuma su ne dai gwaje-gwajen da likitan ido da na ƙwaƙwalwa ke yi a bakin gadon mara lafiya.

Abin da ke jan ƙwayar ido

Tsokoki shida ke riƙe da kowace ƙwayar ido daga waje. Huɗu miƙaƙƙu ne: ta sama, ta ƙasa, ta wajen hanci, ta wajen kunne. Sauran biyun a karkace suka kama, su ke murza ƙwayar, su kuma ɗaga ta ko su sauke ta idan tana fuskantar hanci. A cikin jijiyoyi 12 da ke fita kai tsaye daga ƙwaƙwalwa a kowane ɓangare, uku aka ware wa wannan aiki. Ta 6 tsoka ɗaya take ba umarni, mai jan ido waje. Ta 4 ita ma ɗaya, karkatacciyar ta sama. Ta 3 ke ɗauke da sauran huɗun, ga ɗaga fatar ido, ga tsuke ɗan ramin da ke tsakiyar baƙin ido. Ka riƙe wannan rabon, zai yi amfani a gaba.

Tsokokin irin na hannu da ƙafa ne, masu jin umarni. Abin da ya rikita lamarin shi ne masu ba da umarnin suna da yawa. Gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, ke aiko da abin da ka yi niyya. Wani ɗan tudu a tsakiyar ƙwaƙwalwa ke fizgar ido zuwa duk abin da ya gilma. Cikin kunne na aiko da nasa saƙon duk lokacin da kai ya motsa. Ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya ita ke awon kowane motsi kada ya gaza ko ya zarce. Dukansu a gindin ƙwaƙwalwa suke haɗuwa, inda jijiyoyin nan uku suka taso.

Dalilin wannan wahala duka shi ne wurin da ido ke gani tar ƙarami ne ƙwarai. Ka miƙe hannunka ka dubi farcen babban yatsa: kusan iyakarsa ke nan, kimanin digiri 2 a ma'aunin kusurwa. Ka kafa ido a kan kalma ɗaya a wannan layi, ka gwada karanta ta biyar daga gare ta ba tare da ka motsa ido ba. Ba za ta karantu ba. Dole ido ya yi ta kai wannan ɗan wuri kan abin da ake son gani, ya kuma riƙe shi a can.

Kayan aiki da zama

Mutum biyu, kujera biyu, biro mai murfi mai launi, ƙaramar tocila, takarda mai rubutu, ma'aunin tela, da zane ko rawani mai ratsi-ratsi. Ku zauna kuna fuskantar juna, idanunku a tsayi ɗaya, tazarar tsawon hannu, wato santimita 50 zuwa 60. Haske ya faɗi a fuskar wanda ake gwadawa, kada ya fito ta bayansa. Mai tabarau ya bar shi a fuska in ba ya ganin biron sai da shi. Mai gwaji ya riƙa kallon idanun abokinsa, kada ya bi biron da nasa idon. Kusan kowane sabon shiga sai ya yi wannan kuskure.

Mataki na 1: tsallen ido

Ka ɗaga ɗan yatsa a hannun dama, biro a na hagu, tsakaninsu santimita 30 zuwa 40. Ka ce wa abokinka kada ya motsa kai. Ka riƙa cewa "yatsa", "biro", ba a jere ba, don kada ya riga ka. Ka yi sau goma a kwance, sannan ka mai da hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa ka maimaita.

Abubuwa uku ake dubawa. Na farko jinkirin tashi: lafiyayyen ido kan ɗauki kimanin kashi ɗaya cikin biyar na sakan kafin ya tashi. Na biyu sauri: babban tsalle kan kai digiri 500 a sakan, har ya wuce, shi ya sa ba ka ganin tafiyar, sai tashi da sauka. In ka iya bin tafiyar idon da naka idon, ya yi jinkiri. Na uku sauka: in ya ɗan gaza kaɗan ya cike da ƙaramin tsalle na biyu, ba komai. In yana zarce biron yana dawowa a kai a kai, ana zargin ƙwaƙwalwar ƙeya.

Yanzu ka ce masa ya yi tsallen a hankali. Ba zai iya ba. Nisan tsallen ke ƙayyade saurinsa, kuma da ya tashi ya zama kamar dutsen da ya bar hannu. A farke mutum kan yi irin wannan tsalle kusan sau uku a sakan, sama da dubu 100 a yini, kuma ƙalilan ne ya san da su.

Ga wanda ya fi nuna rigimar da ke tsakanin niyya da fizga. Ka miƙa hannuwanka biyu, ka ce ya kalli hancinka. Ka gaya masa duk hannun da ka kaɗa wa yatsa, ya kalli ɗayan. Ka yi sau 20. Za ka ga sau da dama idon ya fara tafiya wajen yatsan da ya motsa, sannan ya juyo da sauri kamar wanda aka kama yana satar kallo. Wani mai bincike, Peter Hallett, ne ya fito da wannan gwaji a 1978. Kafin mutum ya ci shi sai gaban ƙwaƙwalwarsa ya danne fizgar, sannan ya aika da nasa umarnin. Yara sun fi manya faɗuwa, haka wanda ya gaji ko wanda gaban ƙwaƙwalwarsa ya taɓu.

Karatu ma tsalle ne. Ka ba shi jarida, ka leƙa idonsa ta saman takardar: tsalle, tsayawa ta kimanin kwatan sakan, tsalle, wani lokaci ɗan komawa baya, sai dogon tsalle zuwa sabon layi. Likitan ido na Faransa Louis Émile Javal ne ya bayyana haka a ƙarshen shekarun 1870. In abokin naka ya iya ajami, ka ba shi bayan boko, ka ga yadda tsallen ke juya alƙibla ba tare da ya yi tunani ba.

Mataki na 2: bin abu mai tafiya

Ka ce masa ya ja idonsa sumul daga wannan kusurwar katanga zuwa waccan, ba tsayawa. Shi zai rantse ya yi. Kai kuwa za ka ga idon yana tafiya taku-taku. Sannan ka ɗaga biro, ka ja shi daga dama zuwa hagu cikin sakan 3, kimanin santimita 30 kowane gefe daga tsakiya. Nan take idon zai bi shi sulu kamar an shafa masa mai.

Wannan motsi rabi naka ne. Kai ke zaɓen abin da za ka bi, kana kuma iya ƙin bi. Amma in babu abu mai tafiya, yawancin mutane ba sa iya ƙirƙirarsa. Yana aiki da kyau har zuwa kimanin digiri 30 a sakan. In ka ƙara saurin biron, idon zai fara baya-baya yana cikewa da ƙananan tsalle.

A nan ake yawan yin kuskure biyu. Jan biron da sauri zai sa lafiyayyen ido ya yi kama da mai ciwo. Kai shi can ƙurewar gefe kuma zai sa ƙwayar ta ɗan yi rawa, wadda ba ciwo ba ce. In an yi daidai amma bin yana yankewa a kowane gefe, a tambayi shekaru da barci da magani kafin a tsorata: tsufa, gajiya, giya, maganin barci da wasu magungunan farfaɗiya duk suna kawo haka. 'Yan sandan Amurka da irin wannan gwaji suke duba direban da suke zargi ya sha. Wanda ya fi ɗaga hankali shi ne bin da ya lalace ta gefe ɗaya kawai.

Mataki na 3: linzamin da ke cikin kunne

Ka riƙe takarda mai rubutu a tsawon hannu. Ka kafe kanka, ka kaɗa takardar dama da hagu, sau biyu a sakan, kaɗawa 'yar kaɗan. Rubutun zai cakuɗe. Yanzu ka kafe takardar, ka girgiza kanka da wannan saurin kamar mai cewa a'a. Rubutun na nan garau.

A lissafi abu ɗaya ne ya faru, amma masu aikin daban ne. A na farko sai da hoto ya shiga ido, ƙwaƙwalwa ta auna gudunsa, sannan ta ba da umarni, kuma wannan kan ci kimanin kashi ɗaya cikin goma na sakan. A na biyu ba a jira gani ba. Can cikin kowane kunne akwai bututu uku masu lanƙwasa kamar zobe, cike da ruwa, kowanne na fuskantar nasa ɓangare. Da kai ya juya, ruwan kan ɗan tsaya baya, ya tura wasu siraran gashi, saƙo ya bi ta jijiya uku kacal ya isa tsokar ido cikin kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. Kai ya yi dama digiri 10, ido ya yi hagu digiri 10. Yana aiki cikin duhu, yana aiki ga makaho, yana aiki ga wanda ya suma in gindin ƙwaƙwalwarsa na da rai. Shi ya sa kake iya karanta allon shago kana kan babur a hanya mai gargada.

Akwai wani ɓangarensa da mutane ba su san suna da shi ba. Ka koma gaban madubi, ka nemi wata 'yar jar jijiya a farin idonka kusa da baƙin, ka kafa mata ido. Ka kwantar da kanka a hankali zuwa kafaɗar dama. Za ka ga jijiyar ta ɗan gusa, domin ƙwayar ta murza 'yan digiri zuwa ɗaya gefen. Ka gwada yin wannan murzawa kai a tsaye, ka ga ko akwai inda za ka kama.

Ana iya danne wannan linzami, amma sai da taimakon gani. Ka miƙe hannu biyu ka haɗa su, ka ɗaga babban yatsa, ka kafa masa ido, ka juya kai da kafaɗu da hannu gaba ɗaya. Idon zai zauna kan yatsan. In yana zamewa yana dawowa da tsalle, dannewar ta yi rauni, kuma galibi tare take lalacewa da bin abu mai tafiya.

Yaro mai wasan hajijiya kuwa, da ya tsaya ka dubi idonsa. Ruwan kunnen bai tsaya ba, saboda haka ƙwayar na zamewa a hankali gefe ɗaya, tana fizgowa da sauri, har na 'yan sakanni. Wannan rawar ƙwayar ido ce likitoci ke kira nistagmus. Zafi da sanyi ma na motsa ruwan. Robert Bárány na Ostiriya ya lura waɗanda ake wanke wa kunne suna jin jiri in ruwan ya yi sanyi ko zafi, ya mai da abin gwaji, ya sami kyautar Nobel ta 1914. A asibiti da ruwa mai digiri 30 da mai 44 ake yi. Darasin ga mai wanke wa wani kunne: ruwan ya kasance daidai ɗumin jiki, digiri 37, kuma ba a zuba ruwa a kunnen da ke zubar da mugunya ko wanda ake zaton dodonsa ya huje.

Ma'aikacin lafiya da aka koya wa yana da gwaji mai kaifi, wanda masu bincike Halmagyi da Curthoys suka bayyana a 1988. Zai riƙe kan mara lafiya da hannu biyu, ya ce ya kalli hancinsa, ya fizga kan gefe ɗaya da sauri amma kaɗan, digiri 10 zuwa 20. In kunnen lafiya yake, idon ba zai bar hancin ba. In idon ya tafi tare da kan sannan ya dawo da tsalle, kunnen gefen da aka juya kan ne ya raunana. Ba a yi wa mai ciwon wuya ko wanda ya yi haɗari. Kuma akwai tarko: wanda jiri ya kama farat ɗaya, ya ƙi tsayawa, ga amai, ga rawar ido, amma wannan gwaji ya fito lafiya, shi ya fi zama abin tsoro, domin matsalar na iya kasancewa a ƙwaƙwalwa.

In linzamin ya mutu a kunne biyu, mutum zai ce in yana tafiya duniya na rawa, ba ya gane fuska sai ya tsaya, cikin duhu kuma yana tangaɗi. Sanannen dalili shi ne allurar gentamicin ko streptomycin, musamman in an daɗe ana yi ko ƙoda ba ta da ƙarfi, kuma ɓarnar sau da yawa ba ta gyaruwa. Allurar da ake karɓa a kemis ba awo ba lissafi tana iya jawo wannan.

Mataki na 4: zane mai ratsi

Ka sami zane mai ratsin fari da baƙi, faɗin kowane ratsi kamar santimita 5. Ka ja shi a kwance a gaban idonsa, ratsin na tsaye, ka ce ya ƙirga su suna wucewa. Idon zai bi ratsi ɗaya, ya fizgo ya kama na baya, ya sake bi. Ka ja dama, ka ja hagu, ka kwatanta. Ya kamata su yi daidai. Irin abin da idon fasinja ke yi ke nan a tagar jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna yana kallon itatuwa, shi kuwa bai san yana yi ba. In ya kafa ido a kan wani ɗigon datti a gilashin, rawar za ta tsaya. Da yake da wuya mai gani ya hana ta in babu abin da zai kafa wa ido, ana amfani da ita a duba ko jariri na gani, ko wanda ya ce ya makance farat ɗaya akwai sauran gani.

Mataki na 5: haɗa ido a kan abu na kusa

Ka riƙe biro santimita 40 daga hancinsa, ka matso da shi a hankali, kamar santimita 2 a sakan. Ya faɗa maka lokacin da biron ya zama biyu, kai kuma ka lura da lokacin da ido ɗaya ya saki ya koma waje. Ka auna daga nan zuwa gefen idon. Ƙasa da santimita 10 shi ne daidai. Ka lura ramin baƙin idon ya tsuke yayin da biron ke matsowa, wannan ma ba da saninsa ba. In tazarar ta wuce haka, ga ciwon kai wajen karatu, ga layuka na haɗewa, a je a auna.

Mutum na iya tara idanunsa wajen hanci da gangan, kuma yin haka ba ya sa su maƙale. Amma ba ya iya raba su kowanne ya kalli nasa kunnen, ba ya kuma iya aika ɗaya shi kaɗai kamar hawainiya. Masanin Jamus Ewald Hering ya bayyana dalili a 1868: umarni ɗaya ake aika wa idanu biyu, kamar shanun huɗa a ƙarƙashin karkiya ɗaya. Masu wasan juya ido ɗaya dabara suke yi, su tara idanun sannan su ƙara da kallon gefe, sai ɗaya ya tsaya ɗaya ya tafi.

Mataki na 6: ƙura ido

Ka ɗiga baƙin ɗigo a tsakiyar farar takarda. Santimita 8 zuwa 10 daga gare shi ka shafa fensir sama-sama, ka murje da yatsa ya zama inuwa mara kaifin baki. Ka rufe ido ɗaya, ka ƙura wa ɗigon ɗayan na sakan 20 zuwa 30. Inuwar za ta dushe, ta ɓace, sannan ta dawo da zarar idon ya ɗan gusa. Likitan Suwizalan Ignaz Troxler ya rubuta wannan a 1804. A shekarun 1950 masu bincike suka kafe hoto a wuri ɗaya a tantanin bayan ido, sai ya dushe cikin sakanni. Ashe idon da ka ce ka kafe bai tsaya ba: yana ɗan zamewa, yana kyarma, yana ƙananan tsalle sau ɗaya ko biyu a sakan, kuma da wannan ne gani ke sabuntuwa.

Da ka rufe ido ma ba a huta ba. Ga yawancin mutane ƙwayar kan juya sama in an runtse, shi ya sa ake ganin fari a idon yaron da ke barci bai gama rufe ido ba. A wani sashe na barci kuma ƙwayoyin kan yi ta kai-komo a ƙarƙashin fata, abin da masu bincike Aserinsky da Kleitman suka gano a Jami'ar Chicago a 1953, kuma a lokacin ne aka fi yin mafarki. Rawar fatar ido da mutane ke yi wa fassara iri-iri ba ta cikin wannan lissafi: tsokar fata ce ke harbawa, ƙwayar na zaune, kuma galibi rashin barci ne, ko gajiya, ko yawan shayi da kofi.

In ana gani biyu-biyu

Kafin komai a rufe ido ɗaya, sannan ɗayan. In biyun ya koma ɗaya ko wanne aka rufe, idanun ne ba su saitu ba, matsalar tsoka ce ko jijiya. In ya ci gaba a ido ɗaya shi kaɗai, a cikin wannan idon take, kamar yanar ido ko buƙatar tabarau.

Sannan ka zana babban harafin H a iska da biro: dama, sama, ƙasa, ka dawo tsakiya, hagu, sama, ƙasa. Ka ɗan tsaya a kowane wuri ka tambaya ko biyu ne, kuma a jere suke ko ɗaya bisa ɗaya. Wajen kallon ƙasa ka ɗage masa fatar ido da yatsa don ka gani.

Idon da ya karkata wajen hanci ya kasa fita waje, hotuna a jere, abin ya fi tsanani daga nesa: jijiya ta 6. Hotuna ɗaya bisa ɗaya, ya fi damu wajen sauka daga bene ko karatu, mutum na kwantar da kai gefe don ya sami sauƙi: jijiya ta 4, wadda buguwar kai a haɗarin babur ke yawan taɓawa. Fatar ido ta faɗo, ƙwayar ta koma waje da ƙasa: jijiya ta 3. A nan ka haska tocila. In ramin baƙin idon ya buɗe ya ƙi tsukewa, musamman da ciwon kai mai tsanani, a tafi asibiti a wannan sa'a, domin kumburarriyar jijiyar jini na iya zama ita ke danne ta. Ciwon suga da hawan jini kan kashe ɗaya daga cikin jijiyoyin nan na ɗan lokaci, yawanci ta farfaɗo cikin wata uku, amma likita ne zai faɗi haka bayan ya duba. Gani biyu da faɗuwar fatar ido da ke sauƙi da safe su tsananta da yamma na nuna ciwon raunin tsoka. Ga mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya kuwa, karkacewar ido na iya zama alamar sanƙarau ya yi nisa.

Shanyewar ɓarin jiki na nuna rabuwar masu ba da umarnin ƙarara. In gaban ƙwaƙwalwa ya taɓu, idanun kan karkata wajen gefen da ciwon yake, su juya wa ɓarin da ya shanye baya. Ka ce ya kalli ɗaya gefen, ba zai iya ba. Amma in likita ya juya masa kai, idanun za su tsallaka, domin hanyar kunne na nan. Akwai kuma akasinsa: ciwo a gindin ƙwaƙwalwa kan bar mutum a farke, da hankalinsa, ba ya motsa komai sai ɗaga ido sama da ƙasa da ƙiftawa. Duk wanda aka ɗauka a sume yake, a ce masa ya kalli sama kafin a yanke hukunci.

Yara

Idon jariri kan ɗan yi yawo a makonnin farko. Zuwa wata 2 ko 3 ya kamata ya riƙa bin fuskar uwarsa, zuwa wata 4 idanun su daidaita. Don a duba, a haska tocila daga nisan tsawon hannu, daidai tsakiyar fuskarsa, a dubi ɗigon hasken a kan baƙin kowane ido. In ɗigon na wuri ɗaya a duka biyun, idanun a saite suke, ko da faɗin karan hanci ya sa ana ganin kamar harara-garke ne. In a ɗaya yana tsakiya, a ɗaya ya kauce, akwai karkata. Ga yaron da ya ɗan tasa, a ba shi abin wasa ya kalla, a rufe ido ɗaya da tafin hannu, a dubi wanda aka bari: in ya yi tsalle don ya kamo abin, da ma ba shi ke kallo ba.

Kada a ce zai daina in ya girma, kada kuma a yi masa faɗa ya gyara idonsa, domin ba shi da iko a kai. Ƙwaƙwalwar yaro kan yi watsi da hoton karkataccen idon, in aka wuce shekara 7 zuwa 8 ba a gyara ba, da wuya ganin ya dawo sosai. Karkata tare da fari a tsakiyar baƙin ido, ko a hoton da aka ɗauka da filashi, ba ta jiran mako mai zuwa, domin tana iya zama yanar haihuwa ko dajin ido. Zabiya kuma yawanci da rawar ƙwayar ido suke tasowa. Ba sa ganin duniya na rawa, kuma karkatar da kai da suke yi neman kusurwar da rawar ta fi lafawa ne. Malami ya zaunar da yaron a gaba, ya bar shi da karkatar kansa.

Abin da za a tafi da shi asibiti

Motsa idon da ake tallatawa a intanet wai yana raba mutum da tabarau ba ya yin haka, domin matsalar tabarau a siffar ƙwayar ido take. Atisayen da ke da amfani na raunin haɗa ido ne da na raunin kunne, inda ake kafa ido a kan harafi ana girgiza kai na minti ɗaya ko biyu sau da yawa a rana, kuma bayan an tabbatar da ciwon ake ba da su.

Rawar ido da karkata sukan zo su tafi, sau da yawa a gaban likita su ɓuya. In abin ya taso, a ɗauki bidiyo na sakan 20 zuwa 30, waya a kwance, idanu biyu a ciki, haske daga gaba: kallon gaba, dama, hagu, sama, ƙasa. A rubuta ranar da ya fara, ko farat ɗaya ne ko a hankali, da lokacin da ya fi tsanani. A kwashi duk magungunan da ake sha da kwalayensu, har da allurai da na gargajiya, a haɗa da tsofaffin hotunan mutumin, domin hoton shekara goma baya kan nuna ko karkatar kan tsohuwa ce. Karkatar ido da gani biyu na asibitin ido ne, irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano. Jiri da rawar duniya na sashen kunne ne. In kuwa abin ya zo farat ɗaya tare da karkacewar baki, nauyin harshe, mutuwar hannu ko kasa tsayuwa, sashen gaggawa mafi kusa za a nufa, kuma kada mara lafiyan ya tuƙa kansa.